Kwamfuta tana ɗaukewa haka kawai: tambayoyi da amsoshi kan gano RAM mai matsala

Matsalar RAM ba ta zuwa da fuska ɗaya. Yau Chrome ya rufe kansa, gobe allo ya yi shuɗi, jibi komai lafiya lau. Mutane da dama sai sun yi wa kwamfuta fomat har sun gaji kafin wani ya ce musu su gwada RAM. Ga tambayoyin da aka fi maimaitawa, tun daga na mai zato har zuwa na wanda ya riga ya buɗe kwamfutarsa yana riƙe da katin RAM ɗin a hannu.

Mene ne aikin RAM, har matsalarsa take rikita kwamfuta baki ɗaya?

RAM shi ne inda kwamfuta ke zuba duk abin da take aiki da shi a yanzu: Windows kanta, direbobi (ƙananan manhajojin da ke sarrafa sassan kwamfuta), shafukan da ka buɗe, rubutun da ba ka kai ga adanawa ba. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin kwamfuta, ba ta aiki kai tsaye daga faifan ajiya, sai an kwaso abu an sa a RAM tukuna. Kuma duk abin da RAM ya miƙo mata karɓa take yi, ba ta tambaya.

A cikin kowane kati akwai 'yan ɗakuna ƙanana ƙwarai, kowanne yana riƙe da ɗigon caji mai nufin 1 ko 0. Katin 16GB yana da irinsu sama da biliyan 137. Cajin nan tsiyayewa yake yi kamar ruwa a randa mai yoyo, shi ya sa a zubin RAM da ake kira DDR4 ake sake cika kowane layin ɗakuna cikin kowace milisakan 64. Ɗaki ɗaya ya kasa riƙe nasa, 1 ya koma 0. Abin da zai biyo baya ya danganta ga abin da ke zaune a wurin a lokacin. In ɗigon launi ne a bidiyo, ba mai lura. In adireshi ne da zuciyar Windows ke bi, kwamfutar ta ɗauke nan take. In kuwa lamba ce a cikin lissafinka na Excel, sai ta canza shiru ba wanda ya ji, kuma wannan ya fi sauran muni.

Waɗanne alamomi ne ke sa a zargi RAM?

Babbar alamar ita ce rashin tsayawa wuri ɗaya. Manhajar da ke da kuskure a jikinta takan mutu a mataki ɗaya kullum: ka danna wuri kaza, ta rufe. RAM mai matsala kuwa yau ya taɓa wannan, gobe ya taɓa wancan, saboda duk lokacin da aka kunna kwamfuta abin da ke sauka a ɗakin da ya lalace daban ne.

Ka lura da irin waɗannan: shuɗin allo da saƙonsa ke canzawa kowane karo, manhajoji daban-daban suna rufe kansu, fayil ɗin zip da ka sauke ya ce ya lalace, ka sake saukewa ya buɗe, ko ya lalace a wani wurin dabam, saka sabuwar Windows ya tsaya a kashi 30 yau, gobe a kashi 70. Wannan ta ƙarshen shaida ce mai ƙarfi, domin a lokacin babu bairos ko tsohon direban da za a ɗora wa laifi. Haka nan in matsalar ta fi bayyana sa'ad da ka buɗe abubuwa da yawa, mai yiwuwa wurin da ya lalace ba a kaiwa gare shi sai RAM ya kusa cika.

Kwamfutata ta yi nauyi sosai. RAM ɗin ne ya lalace?

Da wuya. Nauyi alamar ƙarancin RAM ne, ko tsohon faifan ajiya, ko zafi. RAM da ya lalace ba ya rage gudu, amsar ƙarya yake bayarwa da cikakken gudunsa. Buɗe Task Manager ka duba: in RAM ya cika fal, ƙari kake buƙata. Abu ɗaya da ya cancanci dubawa a wurin shi ne adadin da kwamfutar ke gani. Ka sa 16GB tana nuna 8GB, to kati ɗaya bai zauna ba ko gurbinsa ya mutu. Duba amsar ware katuna a ƙasa.

Shuɗin allon ya rubuta MEMORY_MANAGEMENT. Ba shi ke nan an gano ba?

Ba a gano ba tukuna. MEMORY_MANAGEMENT, da PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA, da IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, duk suna cewa ne Windows ta tarar da abin da bai kamata ba a cikin RAM. Ba su faɗi wanda ya ɓata shi ba. Direba mai kuskure yana iya rubutu a wurin da ba nasa ba, ya jawo saƙo iri ɗaya alhali katin lafiyarsa ƙalau.

Windows tana ajiye ɗan bayanin kowace ɗaukewa a C:\Windows\Minidump, kuma ana karanta shi da WinDbg ko BlueScreenView. Tara guda huɗu ko biyar ka jera su. In sunan direba ɗaya ne ke fitowa kullum, misali na katin hoto ko na Wi-Fi, fara da shi. In sunayen suna ta canzawa, ko ntoskrnl.exe ne ke yawan fitowa, zargi ya koma kan kayan ƙarfe, RAM a sahun gaba. Shi ntoskrnl.exe zuciyar Windows ne, a hannunsa abin yake fashewa kawai, ba shi ne mai laifi ba.

Ta ƙi tashi gaba ɗaya, fanka na juyawa amma allo baƙi. Yaya zan gwada?

A nan babu manhajar da za ta taimaka, sai hannu. Madabod da yawa, wato babban bod ɗin da sassan kwamfuta ke zaune a kai, suna da ƙananan fitilu huɗu masu rubutun CPU, DRAM, VGA da BOOT. Wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda aka maƙale. Wasu kuma ƙara suke yi, amma ma'anar ƙarar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, sai ka duba littafin naka. Cire katunan duka, mayar da ɗaya kawai, ka danna shi har maƙallan su kama.

Amma kafin ka tsorata: sabuwar kwamfuta mai DDR5 takan ɗauki mintuna da baƙin allo a kunnawar farko, ko bayan an canza kati, tana daidaita kanta da RAM ɗin. Ba ta lokaci. In canza saitin BIOS ne ya jawo, wato manhajar madabod da ke tashi kafin Windows, cire ƙaramin batirin CR2032 da ke kan madabod na ɗan lokaci bayan ka zare wuta, saitin zai koma na asali.

Da wane gwaji zan fara?

Windows tana da nata. Danna maɓallin Windows da R, rubuta mdsched.exe, ka zaɓi a sake kunna kwamfutar. Gwajin na farawa ka danna F1, ka zaɓi Extended, sannan F10. Sakamakon yakan leƙo ya ɓace bayan Windows ta dawo. In ya wuce ka, yana cikin Event Viewer, a rajistar System, ƙarƙashin sunan MemoryDiagnostics-Results.

A ganina wannan gwajin ana yarda da shi ne ta fuska ɗaya. Ya ce akwai matsala, akwai ta. Ya ce babu, kada ka saki jiki, domin yana tsallake kurakuran da sauran gwaje-gwaje ke kamawa. Kwamfutocin Dell da HP suna da nasu gwajin a ciki: F12 a Dell wajen kunnawa sai ka zaɓi Diagnostics, F2 a HP. Amfaninsu shi ne lambar kuskuren da suke bayarwa, wadda kamfanin zai nema in garanti bai ƙare ba.

MemTest86 da Memtest86+ abu ɗaya ne? Wanne zan ɗauka?

Duka biyun manhajojin gwajin RAM ne, kuma asalinsu ɗaya. Chris Brady ne ya rubuta MemTest86 a 1994, daga baya kamfanin PassMark ya karɓe shi, yana ba da na kyauta da na kuɗi. Memtest86+ reshe ne da ya fita daga na farkon, kyauta ne gaba ɗaya, kuma tun siga ta 6 da ta fito a 2022 yana tashi a sababbin kwamfutoci masu UEFI, wato sabon nau'in BIOS. Kowanne ya isa. Ana rubuta shi a filash, a kunna kwamfutar daga filash ɗin. Dalilin fita daga Windows shi ne ita kanta tana zaune a wani ɓangare na RAM, kuma ba a gwada wurin da wani ke zaune.

Hattara ɗaya: Memtest86+ yakan ƙi tashi sai an kashe Secure Boot a BIOS. In faifanka a kulle yake da BitLocker, taɓa wannan saitin na iya sa Windows ta nemi mabuɗin ceto mai lambobi 48. Nemo shi ka ajiye kafin ka taɓa komai.

Awa nawa zan bar shi? Kuma kuskure ɗaya tak har wani abu ne?

MemTest86 na kyauta yana yin zagaye 4 ya tsaya. Memtest86+ ba ya tsayawa sai ka tsayar da shi. Tsawon lokacin ya danganta ga yawan RAM da saurin firosesa, shi ya sa aka fi barin shi ya kwana yana aiki. Zagaye ɗaya bai isa ba. Akwai kurakuran da ba sa fitowa sai katin ya yi ɗumi.

Kuskure ɗaya ya yi yawa. RAM mai lafiya sifili yake nunawa. Da zarar jan layi ya fito ba sai ka jira ƙarshe ba, ɗauki hoton allon da waya, domin siffar kurakuran tana da bayani. Kurakurai kaɗan da ke maimaituwa a adireshi ɗaya kowane zagaye sun fi kama da ɗakin da ya mutu a jikin katin. Dubbai warwatse ko'ina sun fi kama da saitin gudu, ko katin da bai zauna ba, ko firosesa. Banda guda: in MemTest86 ya fitar da 'yar sanarwa bayan gwaji na 13 cewa RAM ɗin zai iya kamuwa da Rowhammer, ba tare da ya ƙirga kuskure ba, wannan gargaɗi ne kan wani rauni da ke cikin ƙirar RAM da yawa, wanda masu bincike na jami'ar Carnegie Mellon da Intel suka bayyana a 2014. Ba yana nufin naka ya lalace ba.

Gwaji ya nuna kuskure. In sayi sabon kati kawai?

Dakata. Gwajin ba katin kaɗai yake gwadawa ba, hanya ce gaba ɗaya: daga firosesa, ta cikin fil-fil ɗin soket da firosesar ke zaune a kai, ta layukan madabod, zuwa gurbi, sannan katin. Sashen da ke sarrafa RAM yana cikin firosesa ne, tun Athlon 64 a 2003 a wajen AMD, tun 2008 kuma a wajen Intel. Ko'ina a hanyar nan aka samu tangarɗa, jan layin da za ka gani iri ɗaya ne.

Abu na farko da za ka kashe shi ne XMP, saitin BIOS da ke ƙara wa RAM gudu, wanda AMD ke kiran nata EXPO, wasu madabod na ASUS kuma DOCP. Gudun da aka rubuta a kwali, kamar 3600 a DDR4 ko 6000 a DDR5, ya zarce wanda katin ke tashi da shi na asali bisa ƙa'idar JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin RAM, irin su 2133 ko 4800. Don a kai shi can sai an ƙara wuta: DDR4 na asali bolt 1.2 yake ci, XMP yakan kai shi 1.35. Wato tura katin ake yi da firosesar fiye da ƙa'ida, ko da danna maɓalli ɗaya ne. Mayar da BIOS saitin asali ka sake gwaji. Kurakuran suka ɓace, katin bai mutu ba; gudun ne haɗin naka bai iya ɗauka ba. Sabunta BIOS yakan gyara wannan, in bai gyara ba ka sauko da gudun mataki ɗaya, daga 3600 zuwa 3200 misali. A aikin yau da kullum da ƙyar za ka ji bambancin.

In kuwa har a saitin asali kuskure na nan, sai a wuce zuwa ware katuna.

Ina da katuna biyu ko huɗu. Yaya zan san mai laifin?

Kashe kwamfutar, zare wuta, danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa kati. Riƙe katin ta gefe, ban da haƙoransa masu ruwan zinariya. Manna wa kowanne 'yar takarda mai lamba, domin bayan awa uku za su rikice maka, duk kamanninsu ɗaya. Tun kafin komai, cire su ka mayar da kyau ka sake gwaji. Kati da bai zauna daidai ba, ko ƙura a gurbi, suna haddasa abin da ake ɗauka mutuwar RAM ce. In haƙoran sun yi datti, goge su da barasar isofurofil da ƙyalle marar gashi.

Daga nan dokar ɗaya ce: abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji. Sa kati na 1 shi kaɗai a gurbin da littafin madabod ya ce, galibi A2, na biyu daga firosesa. Gwada. Cire shi ka sa na 2 a wannan gurbin dai. Wanda ya faɗi, kai shi wani gurbin ka sake. In kuskuren ya bi katin duk inda ya je, katin ne. In kati mai lafiya ya faɗi a gurbi guda kawai, gurbin ne. In gurabe biyu na tasha ɗaya, wato masu bin hanya ɗaya zuwa firosesa, A1 da A2 misali, suka ƙi aiki tare, duba ƙarƙashin firosesa: fil ɗaya da ya lanƙwashe a soket, ko fankar firosesa da aka ɗaure ta wuce kima, suna kashe tasha guda.

Sai yanayin da ya fi ba da haushi: kowanne ya ci gwaji shi kaɗai, amma tare su faɗi. Wannan ba lalacewa ba ce, rashin jituwa ne, kuma amsarsa tana cikin ta XMP da ta haɗa katuna daban-daban.

MemTest86 ya kwana bai ga komai ba, amma har yanzu tana ɗaukewa. To?

Cin gwaji ba wankewa ba ne gaba ɗaya. Lokacin MemTest86 katin hoto yana hutawa, cikin akwatin a sanyaye. Ka shiga wasa mai nauyi, katin hoton ya hura zafinsa kan RAM, ɗakunan su riƙa zubar da caji da sauri, kuskuren da bai fito da dare ba ya fito. Saboda haka a ƙara da gwaji daga cikin Windows: Prime95 a zaɓin Blend ko Large FFTs, ko OCCT, ko TestMem5, kuma a haɗa da abin da zai sa katin hoto aiki. Katunan DDR5 suna da ma'aunin zafi a jikinsu, HWiNFO yana nuna shi. A Linux akwai memtester.

In duk wannan bai fitar da komai ba, saki RAM ka dubi maƙwabtansa. Kwamfutar da ke mutuwa ɗif ba shuɗin allo, musamman da an ɗora mata aiki, ta fi nuni ga akwatin wuta ko zafin firosesa. Saƙon Kernel-Power 41 da mutane ke gani a Event Viewer ba ya faɗin dalili, cewa kawai yake ba a kashe ta bisa ƙa'ida ba. Daskarewa ta daƙiƙoƙi sannan ta farfaɗo ta fi kama da faifan ajiya, duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo. Firosesa ma tana yi: a 2024 Intel ta amince wasu firosesocinta na tebur, zubi na 13 da na 14, suna samun wutar da ta wuce kima har su lalace, kuma alamominsu sun yi kama da na RAM sosai. Gyaran ya zo ta sabunta BIOS, wadda ta riga ta lalace kuma sai canji.

Zan iya haɗa katuna daga kamfanoni daban-daban?

Sau da yawa yana aiki, duka su sauko gudun mafi jinkiri. Amma ba wanda ya gwada su tare kafin kai. Ko suna ɗaya da lamba ɗaya, in ba a kwali ɗaya suka zo ba, cif-cif ɗin ciki, wato ƙananan sassan da ke liƙe a jikin katin, na iya bambanta, wannan na Samsung, wancan na SK hynix ko Micron. Manhajar CPU-Z tana nuna bayanin kowane kati a shafin SPD. Katuna huɗu sun fi biyu wahalar da firosesa, musamman a DDR5, inda sau da yawa sai an rage gudu. A tsofaffin laftof kuma a kula da bambancin DDR3 mai bolt 1.5 da DDR3L mai 1.35, akwai waɗanda na biyun kawai suke karɓa. In matsalarka ta fara ne bayan ƙarin RAM, cire sabon ka gani kafin ka yi wani dogon bincike.

RAM ɗin ya shekara da shekaru yana aiki. Me zai lalata shi yanzu?

Tsufa, zafi, wutar da ba ta tsaya daidai ba, ko rauni tun daga masana'anta da sai yanzu ya bayyana. Akan ji labarin hasken sararin samaniya da ke juya 1 zuwa 0, kuma gaskiya ne yana faruwa, amma na sau ɗaya ne, ba ya komawa adireshi ɗaya. Binciken da aka wallafa a 2009 kan kwamfutocin cibiyoyin Google ya gano cewa fiye da kashi 8 cikin 100 na katunan suna samun aƙalla kuskure ɗaya a shekara, kuma mafi yawan kurakuran daga lahanin katin ne mai maimaituwa. Wanda ya yi sau ɗaya, ana sa ran zai sake.

An ce DDR5 yana da ECC. Ke nan yana gyara kansa?

Rabi da rabi. ECC tsari ne na gano kuskure a RAM da gyara shi. Na ainihi, irin na kwamfutocin cibiyoyin bayanai da manyan kwamfutocin aiki, yana ƙara bayanin tantancewa, a DDR4 bit 8 a kan kowane 64 (bit shi ne ɗigon 1 ko 0 guda). Da shi ake gyara kuskuren bit ɗaya, a gano na bit biyu, kuma a kai rahoto: Windows ta rubuta a WHEA-Logger, Linux ta EDAC. Mai irin wannan kwamfutar rajista kawai zai karanta ya san katin da ke ciwo. Wanda ke cikin kowane cif na DDR5 kuwa a cikin cif ɗin kaɗai yake gyara, ba ya kare hanyar zuwa firosesa, kuma ba ya gaya wa kowa ya yi gyara. DDR5 na gida yana buƙatar gwaji kamar sauran.

Laftof ɗina RAM ɗinsa a liƙe yake da bod. Mac fa?

Gwajin iri ɗaya ne, ware katuna ne babu. Wasu laftof suna da rabi a liƙe, rabi a gurbi, sai ka cire na gurbin ka gwada sauran. In na liƙen ne ya faɗi, gyaran canza bod ne ko aikin mai ƙwarewa a narka dalma. A Mac akwai Apple Diagnostics: mai firosesar Intel a danne D wajen kunnawa, mai cif ɗin Apple a danne maɓallin kunnawa har zaɓuɓɓuka su fito sannan Command da D. Lambobin da suka fara da PPM su ne na RAM.

Ba ni da halin canzawa yanzu. Zan iya lallaɓawa?

In katuna biyu ne, cire mai matsalar ka zauna da rabi. Ƙaramin RAM mai gaskiya ya fi babba mai ƙarya. In a liƙe yake kuma kuskuren a adireshi ɗaya yake tsaye, ana iya gaya wa Linux ta kauce wa wurin ta saitin GRUB_BADRAM ko memmap, Windows ma tana da makamancinsa ta bcdedit. Lallaɓawa ce kawai, lahanin na iya yaɗuwa. Kafin ka kashe kuɗi duba garanti, domin kamfanoni irin su Kingston, Corsair da G.Skill suna ba da na tsawon rayuwar katin ga yawancin RAM ɗinsu. Hoton allon da ka ɗauka shi ne shaidarka, kuma galibi duk katunan da suka zo a kwali ɗaya ake mayarwa.

Na canza katin. Sauran me?

Gwada sabon kamar yadda ka gwada tsohon, da farko a saitin asali, sannan da XMP in za ka kunna shi. Sabo ma yana zuwa da lahani.

Sai ɓarnar da tsohon ya bari. Duk fayil ɗin da aka rubuta a faifai a kwanakin ciwon ta cikin RAM ɗin nan ya bi, har da sabuntawar Windows. Buɗe Command Prompt a matsayin mai gudanarwa, ka gudanar da DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, sannan sfc /scannow, sannan chkdsk. In matsalar ta daɗe, ko shuɗin allo ya ci gaba alhali gwaji na nuna sifili, yanzu ne fomat ke da amfani, kuma a haɗa filash ɗin Windows ɗin a wata kwamfutar ko bayan an canza katin. Kwafin ajiyar da ka yi kafin matsalar ta fara kada ka rubuta sabo a kansa tukuna. Buɗe muhimman takardu da hotuna ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ƙi buɗewa ko ya fito da zane-zane ka ɗauko shi daga tsohon kwafin.